Aguwa da sunan da ta aro daga tsibiri

Wanda ya bi burtali a ƙasar Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji ya san aguwa. Ita manoma ke dasawa su yi shinge, ta raba gona da hanyar shanu, ta kuma tare rairayi. Reshe kawai ake sara a kafa a ƙasa, sai ya kama. A littattafan tsirrai kuwa, sunan da aka daɗe ana rubutawa kusa da ita shi ne Euphorbia balsamifera. Sai dai ba don aguwar Maraɗi aka raɗa shi ba.

William Aiton ne ya buga sunan a 1789, cikin kundinsa na tsirran lambun Kew da ke Ingila, kuma tsiron da ya bayyana daga tsibiran Kanari ya fito. Kalma ta farko ta girmi Aiton nesa ba kusa ba. Daga Euphorbus take, likitan Sarki Juba na Biyu na tsohuwar daular Muritaniya ta zamanin Rumawa, Linnaeus kuma ya tabbatar da ita a 1753. Ta biyun Latinanci ce, ma'anarta mai ɗauke da ƙaro mai ƙanshi. Mutanen tsibiran kansu tabaiba suke cewa, kalmar da suka gada daga harshen Guwanci. Harshen ya mutu ƙarnuka da suka wuce, sunan tsiron bai bi shi ba.

A 1911 N. E. Brown ya ware ta Afirka ta Yamma, ya kira ta Euphorbia sepium. Sepium siga ce ta mallaka ta jam'i a Latinanci, wato ta shingaye. Ashe abin da manomin Gazawa ke yi da ita shi ne ya zama sunanta! Daga baya aka mai da ita ƙaramin reshe ƙarƙashin ta tsibiri, ta zauna a haka shekaru masu yawa. Sai a 2021 binciken ƙwayoyin gado da Ricarda Riina da abokan aikinta suka wallafa ya nuna jinsi uku ne: balsamifera ta Kanari da gaɓar Maroko, adenensis ta Yaman da ƙahon Afirka, sai sepium ta Sahel.

Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Da suna ake ƙidaya tsiro, da ƙidaya ake gane wanda ke ƙarewa. Wata ƴar uwarta, Euphorbia handiensis, a kudancin tsibirin Fuwatabentura kaɗai take tsirowa, kuma sunanta na kanta ne ya shigar da ita jerin waɗanda ake karewa.

Ɗalibin da ke tattara kalmomi a Gidan Rumji yana da nasa tarko. Aguwa, tinya, kerana da nonon kurciya duk Euphorbia ne a wurin masanin tsirrai, amma Bahaushe bai taɓa haɗa su a suna ɗaya ba. Kafin a kwafo Latinanci daga tsohon ƙamus, a fara neman mai gona ya nuna tsiron da yatsa.