Darasi na 9: Maƙwabtaka da Filin Jirgin Sama

Mutumin Mando, Kawo ko Afaka ba ya bukatar a gaya masa yadda ƙarar jirgi take. Filayen jirgi biyu muke da su a nan Kaduna: tsohon filin Mando da ke hannun sojojin sama, da babban filin da aka buɗe a 1982 a ƙaramar hukumar Igabi. A 2017 aka rufe filin Abuja na mako shida don gyara, aka karkato da jiragen zuwa Kaduna. Kunnuwanku shaida ne.

Maganin ƙara a gida kun san shi. A sa silin, a rufe taga, a kwantar da jariri a ƙuryar ɗaki. Ƙarar da za ta sa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, in ta daɗe tana kashe kunne. A kuma daina zubar da shara kusa da katangar filin. Shara tana tara shirwa da hankaka, tsuntsu ɗaya kuwa yana iya lalata injin jirgi.

Abin da ya fi ƙara cutar da mu shi ne sayen fili ba bincike. Kada ka sa bulo ko ɗaya sai ka bincika.

Ranar nan Malam Tanko ya shigo gida yana fara'a, da takarda a aljihu.

"Uwargida, mun bar haya! Na samu fuloti a rabin kuɗi."

Asabe ta ajiye muciya. "Malam, a ina?"

"Can bayan katangar filin jirgi. Ga iska, ga sarari."

"Sarari? Kai ba ka tambayi abin da ya sa aka bar shi sarari ba? Wa ya sayar maka?"

"Dillali mana. Har mai unguwa ya sa hannu."

"To, ka je hukumar filaye, KADGIS?"

"Haba, ke dai akwai tsoro! Ga maƙwabcinmu can har ya kai linta."

"Ai shi ma jiya matarsa ta zo aron gishiri tana hawaye. An shafa musu jan fenti a bango. Ni dai awarwarona da na sayar ba zan zuba su a bakin katafila ba. Ka mayar wa dillalin takardarsa."

Malam Tanko ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya ce a zubo masa tuwo tukuna.

Asabe ce mai gaskiya, araha ba ta ado. Sararin da ke kewaye da filin jirgi da gangan aka bar shi, saboda haɗari da kuma faɗaɗawa nan gaba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, mai haƙƙi na halal ake biya diyyar gininsa da amfanin gonarsa. Wanda ya yi gini a filin da aka riga aka keɓe, da wuya ya ga ko sisi. Sa hannun mai unguwa shaidar ciniki ce kawai, ba ta hana rusau.

Saboda haka, kafin ka biya, je KADGIS a duba maka matsayin filin. Kafin ka haƙa tushe, karɓi izinin gini daga hukumar tsara birane, KASUPDA. In dogon bene ne, akwai kuma izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA. Kada ka sa bulo sai ka bincika.

Abin haushi, wasu sun ji wannan sau goma, amma da dare suke kai siminti, wai in gini ya tashi ba mai taɓa shi. In katafila ta zo, su ne kan gaba wajen kuka, har su ja wa unguwa baƙin jini. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Aikin gida: rubuta sunayen hukumomin nan uku a littafinka, ka karanta wa maƙwabcinka. In dillali ya ce ka yi sauri kada wani ya riga ka, riƙe kuɗinka, ka je ka bincika.