Me Ya Sa Ake Allura Kafin Hoton MRI na Kaluluwa?

Tambaya: Maigidana ya yi wata biyu da kaluluwa a wuya, ba ta ciwo, kuma ta ƙi sacewa. Likita a Asibitin Dalhatu Araf ya ce a yi hoton MRI, amma sai an yi masa allurar wani ruwa. Wane ruwa ne, kuma ba ya illa? Daga wata mai karatu a Lafiya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Malam lafiya. Kun kyauta da kuka je asibiti maimakon a tsaga wurin a gida.

Likitoci kan fara zargin kaluluwar da kaurinta ya wuce santimita 1, amma girma kaɗai yana yaudara. Ciwon haƙori yana kumbura ta, tarin fuka ma haka, kuma a ƙasarmu ya yawaita. Ita kuwa sankara tana iya ɓuya a 'yar ƙaramar da ba ta kumbura ba. Shi ya sa ake son ganin cikinta.

Ruwan yana ɗauke da sinadarin gadoliniyam, wanda aka amince a yi amfani da shi a hoton MRI a 1988. Ta jijiya ake sa shi, ya bi jini, duk inda ya taru wurin ya yi haske a hoto. Idan gefen kaluluwa ya haska, tsakiyarta ta yi duhu, alama ce naman ciki ya mutu, abin da tarin fuka da wasu nau'o'in sankara kan haddasa. Akwai wani ruwan mai ƙwayoyin ƙarfe da likitocin Amurka da Holan suka ba da rahotonsa a 2003: lafiyayyar kaluluwa tana shanye shi ta yi baƙi, inda sankara ta kama ya rage da haske. Wannan bai yaɗu ba tukuna.

Batun illa kuwa, ƙoda ce ke fitar da gadoliniyam ta fitsari, mafi yawansa cikin kwana guda. Tun 2006 aka gano yana iya taurara fatar mai ciwon ƙoda mai tsanani, don haka idan Malam yana da ciwon suga ko hawan jini, ku nemi a gwada ƙodarsa tukuna. Ku kuma faɗa idan akwai ƙarfe ko na'urar zuciya a jikinsa.

Amma hoto ba ya yanke hukunci. Sai an ɗebi ɗan naman an duba a ɗakin gwaji za a san ko mene ne, kuma ina roƙonku kada tsoro ya sa ku ƙi yarda. Idan tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne, na wata 6.