Ƙwari biyu na kurmi

Buzuzu yana da manyan dangi a cikin kurmi, inda ruwan sama ya yi yawa. Biyu daga cikinsu su ne Goliyat da Harkul.

Goliyat a kurmin Afirka yake, kamar na Kamaru da Kwango. Tsawonsa yakan kai santimeta 11. Kafaɗunsa baƙaƙe ne da ratsin fari. Namiji yana da ɗan ƙaho mai reshe biyu.

Harkul kuwa, kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne gidansa. Namiji yakan kai santimeta 17, amma kusan rabin tsawon nan ƙaho ne. Ƙahonsa biyu, sama da ƙasa, kamar awartaki. Da su yake ɗaga abokin faɗa, ya kayar.

Dukansu ƙafa shida gare su, kuma suna shan ruwan ƴaƴan itace. Tsutsar Harkul ruɓaɓɓen icce take ci, ta mai da shi taki. In an sare kurmi, ƙwarin nan sun rasa gida da abinci.

Tambayoyi
1. Wanne ya fi tsawo?
2. Mene ne amfanin tsutsar Harkul?