Karatun Ƙasa da Ƙafa: Daga Kufena Zuwa Birnin Zazzau

Yaron da ya haddace kogunan Afirka, ya iya jera su tun daga Nilu har Zambezi, sau da yawa in ka tambaye shi inda ruwan kwatar gidansu ya ke zuwa sai ya yi shiru. Laifin kuwa ba nasa ba ne, na irin koyarwar da aka yi masa ne, ga shi kuma gobe kaɗan a hannunmu koyarwar nan za ta faɗo. Saboda haka muka ga ya kyautu mu rubuta wa 'yan'uwa da malamanmu abin da ajinmu ya karanta cikin tafiyar yini guda da muka yi a ƙasa, tun daga gindin dutsen Kufena, muka ratsa itatuwa, muka gangara kwarin Kubanni, har muka shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka. Babban abin da muka gano shi ne, kusan duk abin da mutanen dā suka gina birnin nan da shi, mun wuce shi a hanya tun ba mu kai ƙofa ba.

Da hunturu muka tafi, bayan an kau da amfanin gona, don lokacin nan ƙasa a buɗe ta ke, ba ciyawar da za ta tare ido. Ko wanenmu da littafi da fensir da gorar ruwa. Sharaɗi ɗaya malaminmu ya kafa mana, watau ba zai amsa tambaya ba sai mai tambayar ya fara faɗin abin da idonsa ya gani.

Kufena dutse ne ƙato, sumul, yamma da birni, kusa da Wusasa inda Turawan mishan suka koma a 1929. Wanda ya dube shi daga nesa sai ya ce ba abin da zai taɓa shi har tashin duniya. Da muka matso sai muka tarad da shi yana ɓarewa falle-falle kamar albasa, ga ɓaraguzai tuli a gindinsa. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, ruwan damina ya shiga tsagarsa ya jiƙa shi, a hankali ƙwayoyinsa su saki juna su zama tsakuwa, tsakuwa ta zama yashi da yumɓu. Jar ƙasar da muka taka duk safiyar nan, ruɓaɓɓen dutse ce irin wannan. Akwai kuma kufan tsohuwar ganuwa a wajen, kuma masu ba da labarin dā sun ce sarautar Zazzau daga Turunku ta taso, ta zauna nan kafin a kafa birnin yanzu. Dalilin zaɓen wurin ba ya ɓuya, gama dutse mafaka ne ran yaƙi, gindinsa kuwa ba ya rasa damshi.

Daga nan muka shiga cikin itatuwa, a nan ne kuwa muka fi daɗewa. Da fari waɗansunmu suka rubuta "daji" a littafinsu. Malam ya ce ko wa ya rubuta sunan itacen da ya wuce. Kafin mu yi nisa sai muka ga sunayen nan ƙalilan su ne ke ta komowa: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, mangwaro, sai gawo jefi-jefi. Daji na ainihi ba haka ya ke ba, shi tarkace ne, ko wane iri da ɗan'uwansa a cakuɗe. Abin da muka ratsa gonaki ne, itatuwan kuwa su ne waɗanda gatari ya ƙyale da gangan sa'ad da aka sare sauran. Watau ko wane ɗaya da dalilin da ya sa aka bar shi tsaye.

Ɗauki ɗorawa. Yara su sha garinta, mata su dafa kalwa su yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba, wadda a ke yayyafa wa daɓe da bango don su yi ƙarfi ruwa ya kāsa cinsu. Kaɗanya ga ta da kaushin ɓawo kamar bayan kada, shi ya sa gobarar daji ba ta cika kashe ta ba, daga ƙwallonta kuma a ke samun man kaɗe. Amma fa tana yin shekara 15 ko fi kafin ta fara 'ya'ya, saboda haka wanda ya bar ta tsaye 'ya'yansa ya bar wa. Gawo kuwa abin mamaki ne cikin ikon Allah. Da damina, sa'ad da ko wane itace ke ado, shi sai ya kakkaɓe ganyensa, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sami rana da taki. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su sami inuwa da 'ya'yan da za su ci. Dogon yaro, da ya cika bakin hanya, baƙo ne daga ƙasar Indiya, a Barno aka fara dasa shi a 1928.

Wani abu ya dame mu a nan, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Manyan ɗorawa da kaɗanya mun gani, amma ƙananan da za su gāje su da ƙyar muka ga kaɗan. Gidaje suna ta cin gonaki, masu gawayi da masu itacen wuta suna ta cin na tsaye, gonar da ta rage kuwa ba a hutad da ita balle tsiro ya sami sukunin tashi.

Da hantsi ya yi ƙasa ta fara gangara. Ba sai an gaya wa mutum ya kusa rafi ba, ƙafarsa za ta gaya masa: jar ƙasa mai tsakuwa ta ƙare, sai baƙa mai laushi, wadda ta daddare inda ta bushe. Wannan ita ce fadama. Ruwan sama, wanda a ƙasar Zazzau ya kan kai inci 40 da ɗoriya a shekara, shi ke wanke lallausar ƙasar tudu ya zube ta nan. Abin da tudu ya yi hasara, kwari ya samu. Don haka a tsakiyar rani, sa'ad da gonakin tudu ke fayau, nan ga rake, ga albasa, ga tumatir da latas, masu lambu suna ta ban ruwa. Dā da jigo a ke ɗebo ruwan, yanzu inji ya karɓe mafi yawan aikin. Mun kuma ga inda ruwa ya yi ɓarna, kwazazzabai masu zurfi sun tsaga gaɓa, ko wanne kuwa daga wurin da aka tone ko aka sare ya faro.

Malam ya jefa kara cikin rafin ya ce mu bi shi da tunani. Kubanni tana faɗawa Galma gabas da birni, Galma ta faɗa kogin Kaduna, Kaduna ta sadu da Kwara a ƙasar Nupe, Kwara ta kai teku. Amma in ka yi arewa ka shiga ƙasar Kano, ruwan can ba teku ya nufa ba, Haɗejiya ya ke bi, ya tasam ma tafkin Chadi. Ga darasin da mu kan sha wuya da shi a kan allo, kara guda ya gama shi.

Gargaɗi ga wanda zai kai yara irin wurin nan: kada ya bari su shiga ruwan da ke kwance, gama cikin katantanwarsa ƙwayar tsargiya ke girma, ta huda fata ta shiga jiki. Duhuwar bakin rafi kuma ita ce gidan tsando mai kawo ciwon barci, shi ya sa a aikin Ancau, wanda aka fara wajen 1937, aka bi rafuffuka ana sassabe su, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Itace guda muka tsaya wa a kwarin, watau giginya. Malam ya ce mu dube ta da kyau, za mu sake gamuwa da ita kafin la'asar.

Muka hau ta Tudun Wada, wadda ita da Sabon Gari duk bayan zuwan Turawa a 1902 da isowar jirgin ƙasa a 1911 suka tashi, muka iso Ƙofar Doka. Ganuwar birni, wadda kewayenta ya kusa mil 10, yawancinta ta zube, an yi gini a kan wani sashi. Inda ta rage muka gutsuro ɗan ɓarɓashi muka gwada da wanda muka ƙunso daga gindin Kufena, sai ga su kamar an raba ƙwarya. Daga gwalalon da ke bayanta aka haƙo ƙasar aka ɗora, aiki guda ya ba da rami da bango. Haka kuma kududdufan cikin gari, ko wanne ramin tubalin unguwarsa ne. Sunayen unguwanni ma, kamar Rimin Doko da Rimin Tsiwa, suna shaida irin itatuwan da birnin ya shahara da su. A kasuwa ga daddawa, ga man kaɗe, ga mazarƙwaila, ga muruci, ba wanda ba mu wuce uwarsa da safe ba.

A masallacin Juma'a muka sake gamuwa da giginya. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini, amma tsohon ɗakin salla na ƙasa yana ciki. Wahalar maginin ƙasa ita ce rufi. Azara, watau gangar giginya da aka tsattsaga, gara ba ta cinta, ba ta kuwa saurin ruɓewa, amma in tazarar da ta haye ta wuce kamar ƙafa 6 sai nauyin ƙasa ya lanƙwasa ta. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki jama'ar Juma'a? Dabarar ita ce bakan gizo. A kafa azara cikin ginshiƙi ta ɗan karkata, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, a bi da ƙasa, a jira ta bushe, a sake ɗora wata, daga wancan gefe ma haka, har hannuwan biyu su gamu a sama. Mun daɗe muna ɗaga kai. A ganinmu, malamin da ya kawo yara nan bai nuna musu giginyar a tsaye tukuna ba, rabin darasin ya ba su.

Wanda zai yi irin wannan da ajinsa ba sai yana da Kufena ba, ko wane gari yana da tudunsa da fadamarsa da kasuwarsa. Ya dai fara bin hanyar shi kaɗai, ya nemi izinin masu gonaki da mai unguwa, ya gajarta wa yara ƙanana, ya kuma fara daga tudu ya ƙare a gari, don a ga abu a inda ya tsiro kafin a gan shi a inda ya yi aiki. Mu dai an ba ko wanenmu mako guda ya zāna taswirar hanyar, ya sa launi dabam ga jar ƙasa da baƙa. Kalwa da ƙwallon giginyar da muka tsinto an binne su a gefen lambun makaranta, 'yan aji ɗaya ne za su riƙa ba su ruwa. Tafiya ta gaba, in Allah ya yarda, daga gadar Kubanni za ta tashi, mu bi rafin har inda ya faɗa Galma.