Takardar gwajin da ta shekara shida a aljihu

Makon jiya muka sallami wani magidanci daga wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar, ba don ya warke ba. Bai kai shekara 40 ba. Fataucin gyaɗa da riɗi yake yi, kusan duk Alhamis yana kasuwar Maigatari. An kawo shi ciki ya kumbura har yana sheƙi, idanu sun yi ɗorawa, ga tabon sakiya jere a gefen dama, wasu ko bushewa ba su yi ba. Ina ɗora hannu na ji hanta ta yi tauri, duk ƙululu. AFP, gwajin jinin da ke nuna alamar ciwon dajin hanta, ta haura inda ba a so, hoton ciki ya nuna ƙari ba ɗaya ba. Kano ma da muka tura shi, amsar ɗaya ce: a rage masa raɗaɗi.

Abin da ya ƙona min rai shi ne takardar da yayansa ya zaro, duk ta dafe. Shekara shida ke nan da marar lafiyar ya je ba matarsa jini wurin haihuwa, aka ƙi ɗiba saboda an ga HBsAg, alamar ciwon hanta nau'in B, aka ce ya dawo asibiti.

Na ce, "Malam, me ya hana shi dawowa?"

Ya ce, "Likita, ai ya sha magani. Mai maganin ya ce hantar ta wanku tas."

Wane mai magani? Mai mota da lasifika a bakin kasuwa. Jarka biyu ya sayar masa, ya ce da fitsari ya yi fari ciwo ya fita. Allah Ya isa.

Jama'a, ciwon daji ba rana ɗaya yake faɗo wa mutum ba. Ƙwayoyin halittar jikinmu gasa suke yi da juna kullum a kan wuri da abinci. Tun 1975 wasu masana 'yan Sifaniya, Morata da Ripoll, suka gano a jikin wani ƙaramin ƙuda cewa ƙwayoyi masu ƙarfi suna kawar da raunanan maƙwabtansu. A 2009 Yasuyuki Fujita da abokan aikinsa suka nuna lafiyayyun ƙwayoyi na iya tunkuɗe wadda ta fara lalacewa su fitar da ita. A 2015 aka duba fatar ido ta mutane marasa ciwon daji a Ingila, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin suna ɗauke da irin sauyin da ke haddasa shi. Maƙwabtansu ne suka takure su.

To, ciwon hanta nau'in B wannan takurar yake warwarewa. Shekara da shekaru lafiyayyun ƙwayoyi suna mutuwa, hanta tana faci. Sai ga gubar afulatoksin daga gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna ta lalata p53, mai hana ƙwaya rikiɗewa zuwa daji, a wata ƙwaya, ita kuma ta daina mutuwa lokacin da ya kamata. Gonar da geronta ya yi gwari-gwari, ciyawa ce ke cinye ta. A kan wannan hanta mai jarka ya ƙara tsiyaya abin da shi kansa bai san mene ne ba.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Babu jiƙon da ke wanke shi. Babu. Wanda ya cancanci maganin tenofovir ya sha kullum, kada ya daina don ya ji sauƙi. Hoton ciki duk wata shida ga wanda likita ya ce. Matar gida, 'ya'ya da 'yan ɗaki ɗaya duk a gwada su. Jariri a yi masa allurar rigakafin ciwon cikin awa 24, ba bayan suna ba. Tun 2004 take cikin rigakafin yara. Aska ɗaya ga yara goma ranar shayi, a bari.

Kuma ku daina sayen jarka, ina roƙonku.

Gyaɗar nan da kuke tsincewa, wadda ta yi baƙi ko ɗaci kuka ga ba za ta sayu a kasuwa ba, ita ake kaiwa cikin gida a yi ƙuli-ƙuli da kunu. Suya ba ta kashe gubar, tafasa ma haka. Ku zubar.