Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya da Hawan Sukari ga Masu Ɗauke da HIV

Jita-jita ta yaɗu tsakanin masu shan maganin HIV cewa ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake tallatawa a kyamis da Facebook, irin su kromiyam da garin kirfa da hulba, suna wanke sukari daga jini har mutum ya huta da zuwa gwaji. Abin da ake magana a kansa shi ne bijirewar jiki ga insulin, wato yanayin da sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka da hanta ya rage tasiri, sukari ya riƙa taruwa a jini kafin ya rikiɗe ya zama ciwon sukari. Teɓa, da rashin motsa jiki, da wasu magungunan HIV kamar lopinavir da tsohon stavudine, duk suna da hannu a ciki.

Binciken da aka yi kan kromiyam ƙanana ne kuma na ɗan lokaci, babu wanda ya nuna yana hana ciwon sukari, kirfa da hulba kuwa gurbinsu tukunya.

Babban haɗarin yana wani wuri dabam. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir a matsayin maganin farko, kuma yana cikin ƙwayar TLD da ake bayarwa a Najeriya. Kalsiyam da magnesiyam da zink da ake samu a ƙwayoyin ƙarin lafiya, da sinadarin ƙarfe na maganin ƙarin jini, haka ma ruwan maganin olsa mai kama da madara, suna ɗaure dolutegravir a cikin hanji su hana shi shiga jini. Mai haɗiye su tare, cikinsa ba abinci, yana rage wa maganinsa ƙarfi da hannunsa, ƙwayar cutar ta sami damar hayayyafa har ta daina jin magani. Ƙa'idar ita ce a sha dolutegravir awa 2 kafin waɗannan, ko awa 6 bayansu. Abin takaici, mai kyamis ba ya tambayar me mutum ke sha, mai sayen ma yana ɓoyewa don gudun tsangwama, lambar NAFDAC da ke jikin kwalba kuma ba shaidar warkarwa ba ce.

Abin da ke aiki shi ne gwajin sukari da safe kafin karin kumallo, inda 100 zuwa 125 ke nuna gargaɗi, 126 zuwa sama kuma ciwon sukari idan an maimaita, tare da rage lemon kwalba da sukarin shayi da yawaita tafiya a ƙafa. Idan likita ya rubuta maganin sukari na metformin, dole ya san ana shan dolutegravir, domin dolutegravir yana ƙara yawan metformin a jini. Duk mai shan ƙwayar ƙarin lafiya ya ɗauki kwalbar ya nuna wa likitansa ranar karɓar magani.