Malami a Ƙasar Sin, Kula da Hotonka

Ranar da ka fara aiki a makarantar koyon Turanci a Guangzhou, za a ce ka tsaya gaban allo ka yi murmushi, wai na katin shaida ne. Can sai ka ga fuskarka a talla a WeChat, an liƙa maka digirin da ba ka da shi. In iyayen yara suka gano, kai ne maƙaryaci.

Kafin ka sa hannu, a rubuta a kwantiragi inda za a sa hoton da ranar cire shi. Ka ga talla? Ɗauki hotonta ka ajiye. Sashe na 1019 na kundin dokokin hulɗar jama'a na Sin, tun 2021, ya hana amfani da hotonka sai da izininka. Nuna wa masu makarantar sashen a rubuce.